Ta Taga Ake Shigar da Kondo

Kondo bai cika shekara biyu ba, amma da ya ji ƙugin mota tana shigowa tasha sai ya manne hannayensa a jiki, ya miƙe ƙafafu, ya duƙar da kai. Ba kuka yake shirin yi ba. Ya riga ya gane cewa in ya buɗe gwiwar hannu ƙarfen taga zai karce shi. Ban taɓa jin wani a tashar Rangi Tatu ya yi maganar wannan ba. Uwarsa ma ban tabbata ta lura ba, don a lokacin idonta yana kan motar.

Sunanta Chausiku, amma Maman Kondo muke ce mata. 'Yar Ikwiriri ce, can wajen kogin Rufiji, aure ne ya kawo ta Dar es Salaam. Mijinta Mbwana yana bin babbar mota zuwa Zambiya, sai ya yi makonni bai leƙo gida ba. Ɗaki ɗaya suke haya a Charambe, ita kuma tana tsaron shagon zannuwan kanga a Kariakoo, na wata mata Bi Mwamvita, wadda ta yarda ta riƙa zuwa da yaron muddin ba zai taɓa kaya da hannun maiƙo ba. Babu wanda za ta bar wa shi a gida. Matan gidan hayar tasu duka a tashar nan muke haɗuwa da su da sassafe, kowace da inda za ta.

Mai goyo ba ta shiga daladala, wato motar haya ta cikin gari, ta ƙofa a Rangi Tatu. Tun motar ba ta gama tsayawa ba ake rufar mata, maza na tura kafaɗa, samari na hawa ta tagogi, waɗanda suka zo sauka ma sai sun yi kokawa kafin su fita. Yaron da ke baya shi ke shan matsar. Don haka Maman Kondo takan kwance Kondo tun motar na nesa, ta bi gefenta da sassarfa tana duba fuskokin da ke taga, ta ɗaga shi sama.

"Riƙe min, don Allah."

Ba a ƙi. Sai ta ɗaure zani a ƙugu, ta koma ƙofa da hannu biyu ta shiga kokawar. In ta samu shiga, duk inda turereniya ta ajiye ta nan take tsayawa har cikin gari, yaron kuma yana cinyar wanda ya karɓe shi. Haka muke yi da komai. Na zaune yana riƙe wa na tsaye jaka, ko kwanon abinci, ko kaza. In na zaunen ya zo sauka ba ya neman mai kaya, wanda ya gaji kujerar shi ke gadar abin da ke cinya. A ƙarshen hanya kowa ya miƙo hannu ya karɓi nasa.

Ni ba na iya kokawar ƙofa. Da na gama jami'a na samu aiki a wani ƙaramin ofis kusa da Mnazi Mmoja, sai na shiga sahun masu juyawa da mota. Nakan taka zuwa tashar da ke kafin ta ƙarshe, in hau motar da ke dawowa daga gari kusan ba kowa a ciki, in zauna a taga, in bi ta har Rangi Tatu ta juya da ni. A haka na san Kondo, don sau da yawa ni ake miƙo wa shi. Yana ƙanshin man kwakwa da kunun da aka ba shi a tsaye, kuma ba ya ƙiwa. Yakan dubi fuskata sau ɗaya, ya gyara zama, ya yi barci.

Hira kaɗan muka taɓa yi da uwarsa, yawanci in muna sauka a tashar Gerezani. Ta ce min ta shuka barkono a gwangwani a ƙofar ɗakinta, amma sai ranar Lahadi take ganin launinsa, sauran kwanakin da duhu take fita, da duhu take komowa. Ta kuma ce kalmar farko da Kondo ya faɗa ba "Mama" ba ce.

Na ce, "Me ya ce?"

"'Akwai!' Irin ta mai son sauka. Muna zaune a ɗaki ya bubbuga ƙofa ya ce akwai. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma na ji ba daɗi."

Abin ya faru ne wata Litinin cikin damina. Hadari ya haɗu tun asuba, mutane sun ninka, kowa na son ya shige mota kafin ruwa ya sauko. Motar da nake ciki ce ta biyu wajen shiga tasha. Ta gabanmu wata tsohuwa ce, an toshe ramin gilashinta na baya da kwali. Daga tagata na hango Maman Kondo ta bi gefenta, ta ɗaga yaron da jar rigarsa, wasu hannaye masu lalle suka karɓe shi. Ta zagaya ƙofa. Saura kaɗan ta kama ƙarfen ƙofar wani ƙato mai jakar kayan gini ya sha gabanta ya cike wurin. Daidai lokacin ɗan sandan hanya ya buga jikin motar don ta tare mashiga, direba ya ja.

Ta bi motar tana dukanta da tafin hannu. "Ɗana! Ɗana na ciki!" Hayaniyar tasha ta fi muryarta, kwandastan kuma yana rataye a ƙofa ya ba ta baya.

Wata mai sayar da mandazi, irin fanken nan, ta ɗaga murya, "Shiga ta baya, baiwar Allah! Duk Gerezani za su. Ai ba yau aka fara ba."

Ba ta ma samu damar zaɓa ba. Motarmu ta matso, taron ya juyo ya kwashe ta har ciki, turawa ta kai ta can baya dab da kujerata. Ta ɗora jakarta a cinyata ba ta ko dube ni ba, sai daga baya ta gane ni.

"Ƙanwata, kin ga wadda ta karɓe shi?"

"Hannunta kawai na gani, Yaya. Da lalle."

"Ni ma hannun na gani." Ta goge baki da gefen zani. "Kullum sai na dubi fuska. Yau ban duba ba."

Na ce mata motar tana da kwali a gilashin baya. Ta maimaita a hankali, kwali a baya, kwali a baya.

Labarin ya bi bakin mutane daga baya zuwa gaba. Wani dattijo mai hula ya kira kwandastanmu.

"Kai kwandasta! Kira na motar gaba, an tafi da ɗan mutane!"

"Wace motar?"

"Mai kwali a baya."

"Wannan akwalar? Direbanta na yau ɗan riƙon ƙwarya ne, ban san lambarsa ba. Kwandastanta kuwa wayarsa tana wurin mai gyara tun bara."

"Kai dai ba abin da ka sani sai a matsa ciki."

"To a matsa cikin mana, Baba, ga fili can a baya!"

"Filin gidanku? Ƙafata ɗaya ce a ƙasa tun Rangi Tatu, ɗayar ban san wa ke riƙe da ita ba."

Aka yi dariya. Wata mata mai jiki da ke zaune kusa da ni ta dafa hannun Maman Kondo. "Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Ni tagwaye na taɓa rabawa mota biyu, ga su can sun zama ƙatti suna cinye min abinci."

Maman Kondo ta yi yaƙe kawai. Tana tsaye a karkace, hannu ɗaya a ƙarfen sama, tana leƙen gaba ta ƙarƙashin hammatar wani.

Kafin mu kai gadar Mtongani ruwa ya kece. Aka rurrufe tagogi. Motar ta rage gudu, ta ja ciki, ta tsaya. Direba ya kashe injin, kuma duk mai bin hanyar Kilwa ya san ma'anar haka. Numfashinmu ya rufe gilasai da tururi. Warin rigar da ta jiƙe, da na busasshen kifi a kwandon wani, da turaren matar da ke kusa da ni, duk suka haɗu ba inda za su fita. Gumi na bin bayan wuyan mutumin da ke gabana, ba shi da hannun da zai share. Wani ya kunna rediyon wayarsa, aka ce ya kashe. Ruwa na dukan rufin kwano har sai mutum ya sa baki a kunnen ɗan'uwansa kafin a ji shi.

Maman Kondo ta sunkuyo. "Mai lalle ce. Ƙila biki za ta. In ta sauka a hanya fa?"

Mai jikin ta ce, "Sai ta miƙa wa wanda ya zauna. Haka ake yi."

"In ta sauka da shi fa?"

Wani saurayi ya fara ba da labarin abin da ya ce ya ji an yi a wata unguwa, mai jikin ta daka masa tsawa, "Kai, rufe mana baki! Wa ya tambaye ka?" Ya katse, amma Maman Kondo ta riga ta ji farkon labarin.

Dattijon mai hula ya ce, "Motar nan ba ta yi nisa ba. Da ƙyar in akwai motoci goma tsakaninmu. Da ni ne, sauka zan yi in taka."

Mai jikin ta ce, "Kada ki sauka. In aka saki hanya kina ƙasa, babu motar da za ta ɗauke ki a tsakiyar titi, duk a cike suke. Nan kina ciki, ko da azahar ne za ki isa."

"Shi kuma yaron har azahar ɗin zai jira ta?"

"Malam, ka taɓa haihuwa ne?"

"Ke kika haifa min su?"

Maman Kondo ta yi ƙoƙarin juyawa wajen ƙofa. Ko kafaɗarta ba ta iya juyawa ba. Ta kira kwandasta ta ce za ta sauka.

Ya ce, "Anti, ta ina? In na buɗe ƙofar nan mutum uku za su faɗo, biyar su shigo. Ki biyo ta kan mutane in kin iya."

Ta dubi tagata. Ta ce, "Buɗe, ƙanwata."

Na zuge gilashin, ruwa ya feso mana. Maza biyu suka kama ta ta hammata, ta taka gefen kujera, ta zura ƙafafu waje. Tagar ba ta babba ba ce. Ƙarfen ya karce mata hannu tun daga gwiwa har kafaɗa, zaninta ya maƙale sai da mai jikin ta cire shi. Ta dira cikin ruwa har ƙwauri, takalminta ɗaya ya bi ruwan.

Na ce, "Yaya, jakarki!"

"Riƙe min."

Na bar tagar a buɗe, ba wanda ya ce in rufe. Ina kallonta tana ratsa tsakanin motoci, ta tsaya bayan kowace ta ɗaga kai, ta zagaya gefe ta bubbuga, ta sa hannu ta share gilashi ta leƙa. Duk motocin layinmu fenti ɗaya ne, a cikin ruwa kuma ba a ganin komai sai an matso. Ta duba huɗu ko biyar. Sai na ji daga can gaba ana tayar da injuna, ƙarar na tahowa mota bayan mota har ta iso mu.

An saki hanya.

Ta fara gudu gaba, ta ga ba za ta cim musu ba, ta juyo wajenmu. Motar gaba ɗaya ta ɗauki ihu, "Direba! Direba, ga ta nan! Tsaya!" Ya rage gudu, na shaida ya rage. Amma a layin tsakiya muke, babura na wucewa ta gefe, na baya sun danne ham, ɗan sanda cikin rigar ruwa yana kaɗa hannu a wuce. Kwandasta ya tura ƙofar da ƙyar ya miƙa hannu, mutanen bakin ƙofa suka bulluƙo waje suna riƙe juna. Ta kama yatsunsa. Hannu biyun duk a jiƙe suke, suka zame. Na juya ta gilashin baya na gan ta ta haye kan dakalin da ya raba titi, takalmi ɗaya a ƙafa, motoci na wuce ta ta kowane gefe.

Can mai jikin ta ce wa dattijon, "Kai ka ce ta sauka."

"Ni na san za a saki hanya? Ni ne ɗan sandan?"

Muka sake tsayawa a Mtoni, muka ja, muka sake tsayawa. Jakar na cinyata, ina jin ɗumin gorar kunun Kondo ta cikin yadin. Sai wani abu ya fara rawa a ciki. Wayarta ce. Nan na gane ta sauka ba waya, ba kuɗin mota, komai nata yana hannuna. Wayar ta yi ta rawa ta gaji, ta sake.

Ruwan ya tsagaita lokacin da muka shiga Gerezani. Na bi layin motoci ina duba bayansu har na ga kwalin, ya jiƙe ya lanƙwashe. An riga an fara loda masu komawa Mbagala, unguwar da tashar Rangi Tatu take. A ciki kwandastan na ta faɗa da wani tsoho da ya ƙi tashi daga kujerar taga. Tsohon na da jakar lemomin tare ruwan sama tsakanin ƙafafunsa, na gyara, a cinyarsa kuma ga jar riga. Kondo na barci, bakinsa a buɗe.

"Baba Kitwana, ko ka sauka ko ka koma Mbagala, ni ba ɗakin raino na buɗe ba!"

"Da kujerar na same shi," in ji tsohon. "Wani mai rigar asibiti ya miƙo min a Uhasibu, shi ma wata ce ta bar masa. Kowa ya sauka, ina ta jira a miƙo hannu, ba a miƙo ba. Uwarsa ba ta san ni ba, motar nan ta sani. Inda motar ta je nan za mu."

Direba ya riga ya tayar da injin. In suka juya, yaron zai koma ta hanyar da uwarsa ke tahowa a ƙafa, su wuce juna ba su sani ba. Na matsa jikin tagar. Sai da na kira sau biyu kafin ya ji ni.

"Baba, na san uwarsa. Tana tafe, an bar ta a Mtongani. Ga jakarta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Jaka kowa na iya riƙewa, 'yata."

Hayaniyar ta tashe Kondo. Na kira sunansa. Ya dube ni sau ɗaya irin yadda yake duban kowa, ya mayar da kai ƙirjin tsohon. Sai na zaro gorar kunun, nan take ya miƙo hannu biyu.

Baba Kitwana ya ce, "Kunun ya sani, ba ke ba." Ya yi ɗan tunani. "To. Zan sauka, amma ba zan ba ki shi ba. Mu zauna tare."

Muka zauna kan benci a rumfar wata mai shayi, daidai inda motocin Mbagala ke sauke mutane. Kondo ya shanye kunun, ya koma wasa da ƙarafan lema. Kowace mota ta zo sai in miƙe, in zauna.

Ba ta mota Maman Kondo ta iso ba. Ta bakin titi ta ɓullo, takalmin ɗayan a hannu, laka har gwiwa, jinin hannunta ya bushe. Daga baya na ji cewa wata motar kayan miya ce ta rage mata hanya, sauran ta taka. Ba ta gan mu ba, kai tsaye ta nufi layin motoci tana duba bayansu. Kondo ne ya fara ganinta. Duk safiyar nan bai yi ko ƙorafi ba, amma da ya gan ta ya tsala kuka har mai shayin ta zabura.

Baba Kitwana ya ce, "Yauwa. Wannan ce."

Ta karɓe shi, ta durƙusa a gaban tsohon cikin laka.

"Tashi, 'yata, tashi. Ki riƙa duba fuska."

"Ina dubawa, Baba. Yau ne kawai."

"Ai yau ɗin ce." Ya saɓa jakarsa. "Ranar ruwa ce ranar kasuwata, kun cinye min rabi, ke da wannan sarkin barci." Ya ja kunnen Kondo kaɗan, ya shige cikin mutane.

Hanyarmu ɗaya har Kariakoo, sai na riƙe mata jakar muka taka. Ta goya shi ta ɗaure da ƙarfi fiye da yadda ta saba. Mun kusa shagon kafin na iya tambaya.

"Yaya, gobe fa?"

"Gobe me?"

"Za ki sake miƙa shi?"

Ta rage sauri. "Ƙanwata, in na goya shi, ƙofa ta matse shi. In na jira tasha ta yi sauƙi, Bi Mwamvita ta ɗauki wata. In na juya da mota irin naki, abincinmu ne zai tafi a kuɗin mota. Ke gaya min ta ina zan bi." Ta gyara goyon. "Ke dai ki riƙa zama a taga."

Bi Mwamvita na zaune a bakin shago da wayarta a hannu. Ta dubi lakar, ta dubi ƙafar da ba takalmi.

"Sai yanzu, Chausiku? Na kira har na gaji."

"Ruwa ne, Bi. Hanya ta toshe a Mtongani."

Iyakar abin da Maman Kondo ta faɗa ke nan, ta kuma dube ni ta gefen ido. Na gane. In Bi Mwamvita ta ji sauran labarin, abin da za ta ce shi ne a daina zuwa da yaron. Na miƙa mata jakar na ce sai an jima.

Da na kai kwana na waiwaya. Ta wanke ƙafafunta a famfon gefen shago, ta kwantar da Kondo kan tabarma bayan kanta, ta ɗauko doguwar sandar nan mai ƙugiya ta fara rataye zannuwan kanga a bakin rumfa.